Rantsuwar Inna da Allurar Zuciya

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce ƴar farinta, ita kuwa Bafulatana ce ta ainihi, irin waɗanda ko kunama ta harbe su a gaban mutane sai dai su gyara zama. Tun ina ƙarama "ke" nake amsawa, in da baƙi a gida kuma sai ta ce "yarinyar nan". Ƙannena kan tsokane ni wai Inna ta manta sunan da aka raɗa mini. Ni kuwa na san ba mantuwa ba ce. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wurina wannan "ke" ɗin ya fi sunana Mufida daraja nesa ba kusa ba.

Abu na biyu game da Inna, wadda sunanta Asta, shi ne tana da asma. Ban da ni da yayanta Kawu Njidda, babu wanda ya sani. In ta ji ƙirjin ya fara yi mata kuka, sai ta ɗaure kayanta ta ce za ta ruga duba shanu, ta yi kwanakinta a can har ya lafa. Ƙwayar da take sha kuwa ni ke sayo ta. Ba na saye a unguwarmu ta Sarkin Dawaki, inda in ka yi atishawa da safe kafin azahar an kai labari kasuwa. Har Nukkai nake zuwa, kemis ɗin wani Tobias, mutum marar yawan tambaya.

Dalilin ɓoyon kuwa aurena ne. Da gidan su Suhail suka zo nemana, sun yi bincike kamar yadda aka saba: ko akwai kuturta a dangi, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali, ko ciwon ƙirji na gado. Mahaifiyarsa, Hajiya Hajara, da kanta ta shigo ɗakin Inna ta tambaya, tana murmushi. Inna ta dube ta ta ce, "Walaa." Babu, ke nan. Da baƙi suka tafi, ta ɗauko Alƙur'ani ta ɗora hannuna a kai, ta sa na rantse ba zan taɓa faɗa wa kowa daga gidan mijina ba, har shi mijin. Ni a lokacin son Suhail ya rufe mini ido. Da cewa ta yi in rantse na daina shan ruwa, wallahi da na rantse.

Za ku ce yaya likita kamar Suhail zai yi shekaru bai gane surukarsa na da asma ba? To ai surukuta ce. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake tsugunawa, kai a ƙasa, ita kuma ta amsa daga bayan labule da murya can ciki. Likita ne sukutum, amma ko fuskarta bai taɓa ƙare wa kallo ba.

A daminar casa'in da huɗu abin ya faru, lokacin yajin aikin ma'aikatan mai. Jalingo ta yi tsit kamar an yi rasuwa a kowane gida. Motoci sun yi layi a gidajen mai har ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinsu. Babban asibiti ma ƙofa a rufe, su ma suna nasu yajin. Inna kuwa ta kwana biyu tana ramewa. Ɗan maƙoƙo ya fito mata a wuya tana rufe shi da mayafi, hannunta na rawa, gumi ko a inuwa. In na yi magana sai ta ce, "Munyal." Wato haƙuri. Haƙurin nan nata ya isa ya kashe mutum, na sha faɗa mata a zuciyata.

Wata rana da hantsi na je gidanta, na same ta tana wanke ƙwarya. Ina kallo ta saki ƙwaryar, ta zauna daɓas a ƙasa, ta dafe ƙirji. Na sa hannu a wurin. Innalillahi! Zuciyar kamar an ɗaure zabo a buhu.

Maƙwabta suka taimaka muka ɗora ta a amalanke. Da ta ga hanyar da muka nufa sai ta ɗago kai da ƙyar.

"Ke, ba can ba."

"Inna, to ina? Yola za mu je da ƙafa?"

Ƙaramin asibitin Suhail ɗaki huɗu ne, a bayan masallacin unguwa. Da ya ga wadda aka kawo, sai da ya ja da baya. Ya sa aka kwantar da ita, ya ja labulen da ya raba ɗakin biyu, ya tsaya ta baya. Nas ɗinsa, Caroline, wata doguwar Bamumuya mai dariya kamar ta fasa kwano, ita ta zama hannunsa da kunnensa. Da ta ga Inna dai ba ta yi dariya ba.

"Dakta, zuciyan Mama yana gudu fa," in ji ta. "Ɗari da tamanin, kuma ba ya tafiya daidai. Yana tsalle."

"Ƙirjin fa? Saurara mini da kyau."

Ta saurara gaba da baya. "Ƙirji yana lafiya. Ba kuka."

Haka asmar Inna take. In tana barci, ko likitan Ingila ba zai ji ta ba.

Suka jona na'urar da ke zana bugun zuciya da batirin mota, don babu wuta, janareta kuma babu mai. Caroline ta miƙa masa takardar ta gefen labule. Ta gaya masa zancen maƙoƙon da ta gani da rawar hannun. Sai ya sa aka saka wa Inna ruwa a jijiya.

Ana cikin haka sai ga Hajiya Hajara, labari ya riga ya kai mata. Ta shigo da carbinta tana "Allah hoynu, Allah ya sawwaƙe," ta jawo kujera ta zauna daidai bakin ƙofa. Ɗakin dama ƙarami ne. Gado ya tokare bango, labule a gabana, Hajiya ta toshe ƙofa. Inna kuma ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam. Matar da ba ta taɓa riƙe ni a gaban mutane ba, yau ga shi ta riƙe, amma na san ba don ƙauna ba ne kaɗai.

Suhail yana da wata ɗabi'a. In ya tsorata, sai ya koma malamin makaranta. Daga bayan labulen ya fara bayani, wai Caroline yake gaya wa, alhali da kansa yake magana.

"Maƙoƙon ne yake zuga zuciyar. Irin wannan ba ta cika jin maganin digoksin ba. Maganin da ke taka mata birki ake so, kuma ta jijiya, don ƙwaya za ta daɗe. Iri uku na sani. Akwai esmolol. Na gan shi sau ɗaya lokacin da nake koyon aiki. Shi wannan ɗan albarka ne, in ka ga ya kawo matsala ka rufe ruwan, kafin ka sha shayi ya fita daga jiki. Amma a Jalingo? Ko sunansa ba a sani ba."

Na ji ƙarar fasa kwalbar allura.

"Akwai metofurolol. Shi ya fi tsayawa a kan zuciya, bai cika taɓa huhu ba, ko da yake shi ma ba a sakin jiki da shi. Ba ni da shi. Tobias na Nukkai ya taɓa ce mini yana da ƴan kwalabe. Amma kafin a je a dawo ba mota, ban san abin da zai faru ba, ga jininta yana sauka. Sai na uku, furofaranolol. Shi ne a hannuna. Ga mai maƙoƙo ma ya fi su duka. Aibinsa ɗaya ne, ba ya bambanta zuciya da huhu. In mutum yana da asma, sai ya shaƙe masa hanyar numfashi, kuma ya hana maganin asmar aiki. In ya shiga ya shiga ke nan, sai ya yi awoyinsa. Babu mai zuƙo shi ya dawo da shi cikin sirinji."

Da ya ambaci Tobias, sai na sunkuyar da kai. Da ya ambaci asma kuwa, faratan Inna suka nutse a fatata.

Sai ya sassauta murya, na ga inuwarsa a labule ta tsuguna kamar yadda yake yi in ya zo gaisuwa.

"Inna, ki yi haƙuri da tambaya. Kin taɓa yin asma? Ko numfashi ya taɓa sarƙe miki, ƙirji yana kuka?"

Inna tana haki, leɓenta ya bushe. Ta juya ido ta dubi Hajiya, sannan ta dubi rufin ɗaki.

"Walaa," in ji ta.

"Ai kuwa babu," Hajiya ta karɓe. "Ni da bakina na tambaya tun kafin a ɗaura aure. Haba Suhailu, ka tsaya kana yi wa surukarka tambayoyi kamar alƙali. Yi mata allura mana."

Hannunsa ya leƙo ta gefen labule da sirinji. Caroline ta karɓa, ta ɗaga shi sama ta ɗan matsa, ɗigo ya fito a bakin allurar.

"Kaɗan-kaɗan za ki tura," in ji shi. Sai kuma ya ce, "Dakata. Mufida."

"Na'am, Dakta."

"Ke kika fi kowa zama da ita. Ba ki taɓa ganin komai ba?"

Wayyo ni. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Ba kaffarar rantsuwa nake tsoro ba, azumin kwana uku ai ba ya kisa. Abin da nake gani shi ne Inna, wadda duk dukiyarta a duniya mutuncinta ne, ta zama maƙaryaciya a gaban Hajiya Hajara, kuma daga bakin ƴar farinta. Na san ta. Da za a tambaye ta ta zaɓa tsakanin wannan da likkafani, ba za ta yi dogon tunani ba. Ai ta ma riga ta zaɓa, a gabana ta ce walaa.

Na yi tunanin in fita in kira shi gefe. Ta ina? Hajiya a ƙofa, hannuna a hannun Inna. Na yi tunanin in ce ban sani ba, ko Allah zai sa allurar ta wuce lafiya. Sai na tuna wata rana a ruga ina yarinya, da na ga Inna durƙushe a bayan bukka, ta dafa ƙasa da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta sun miƙe, tana jan iska iskar na ƙin shiga. Wancan ma da magani ya lafa. Wannan kuwa an ce maganin ba zai yi aiki ba.

Haushi ya kama ni, wallahi haushi. Haushin Inna, da na Hajiya da carbinta, da na mijina da ya ɓuya a bayan ƙyalle kamar amarya, da na duk wanda ya ƙirƙiro binciken nan tun farko. Caroline ta kama robar ruwan da ke hannun Inna, ta soka bakin allurar, ta ɗora babban yatsa. Idonta a kaina yake.

Na buɗe baki.

"Mufida."

Ban gane muryar ba da farko. Sunana ne, amma daga bakin da bai taɓa furta shi ba. Inna ta kafe ni da ido. Shekara ashirin da wani abu ina son in ji yadda sunan zai fito daga bakinta, ashe a nan zan ji shi.

Na ce, "Tana da ita. Tun kafin a haife ni. Ni ke sayo mata ƙwaya a wurin Tobias."

Caroline ta zare allurar da sauri kamar ta taɓa garwashi. Inna ta saki hannuna. Ba ta ture ni ba, sakewa kawai ta yi, ta ja mayafi ta rufe fuska. Carbin Hajiya ya tsaya.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Suhail bai yi faɗa ba. "Caroline, karɓi keken maigadi. Ki ce wa Tobias metofurolol na jijiya, duk abin da yake da shi. Kada ki tsaya gaisawa da kowa."

Ta tattare farar rigarta ta fita da gudu, Hajiya ta kauce mata da ƙyar. Sai da ƙarar keken ta ɓace muka gane abin da ya rage. Babu nas. Babu mai ƙirga bugun, babu mai auna jini, ni kuwa ban iya ba.

Na ga inuwarsa tana kai da kawowa. Can sai ya kama labulen ya yaye shi gefe ɗaya. Ya cire takalmi, kamar mai shiga ɗakinta a gida, ya matso ya durƙusa a gefen gadon.

"Inna, ki gafarce ni."

Ya kama tsintsiyar hannunta. Na ga jikinta ya ƙage gaba ɗaya. Shi ma kansa a sunkuye, idonsa a kan agogo, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Hajiya ta juyar da kai ta kalli bango.

Ban taɓa ganin jira irin wannan ba. Hadari ya haɗu, ruwa ya sauko, kwanon rufi ya ɗauki ƙara har ba ka jin numfashin kowa. Ya auna jini. Ya sake aunawa, ya ƙara gudun ruwan jijiya, ya ce in ɗaga mata ƙafafu in sa matashi. Na taɓa ƙafafun na ji su da sanyi. Sirinjin farko yana nan a kan faranti, cike, kusa da hannunsa. Na kama shi yana kallonsa sau biyu. Ni ma ina kallonsa, ina ce wa kaina, in Inna ta mutu kafin Caroline ta dawo, to bakina ne ya kashe ta, kuma ta tafi tana fushi da ni. Na so in yi kuka, amma ko wurin yin kukan babu a ɗakin.

Caroline ta faɗo ciki jiƙe sharkaf, laka har gwiwa, ta zaro kwalabe daga cikin rigarta. "Sarƙan keke ya tsinke a hanya. Na bar shi can, na zo da ƙafa."

Suhail ya sa ta haɗa allurar buɗe numfashi ta ajiye kusa, ko da za a buƙata. Sannan ya ja sabon maganin da kansa. Ya tura ɗan kaɗan ya tsaya. Ya sa abin sauraro a kunne, ya ce, "Inna, ki gafarce ni," karo na biyu, ya ɗora shi a bayanta ta saman riga. Ya saurara. Ya ƙara kaɗan, ya sake saurarawa. A karo na uku na ga fuskarsa ta canja.

"Akwai ɗan kuka a ƙasa. Mu dakata."

Muka dakata. Caroline ta riƙe ɗaya allurar a shirye. Ni ban san lokacin da na kama gefen zanen Inna ba. Ya saurara, ya saurara, sannan ya sauke numfashi ya ce kukan bai ƙaru ba. Ya dubi faranti inda sirinjin farko yake, ya ce a hankali, "Wannan da na yi mata, mai sauƙin ke nan fa." Bai ƙarasa ba, kuma babu wanda ya nemi ya ƙarasa.

Caroline ta kama hannun Inna tana ƙirgawa. "Ɗari da talatin." Bayan ɗan lokaci ta ce, "Ɗari da goma. Dakta, yana saukowa!" Sai ga dariyar nan tata ta dawo, har da hawaye. Suhail ya miƙe, ya koma baya, ya ja labulen ya rufe kamar yadda yake da farko.

Hajiya ta tashi ta gyara mayafi. Ta tsaya a kan Inna ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Asta." Har ta kai ƙofa sai ta waiwayo. "Ashe dai akwai."

Mayafin da ke fuskar Inna bai motsa ba.

Ta yi kwanaki a asibitin, aka ɗora ta a kan maganin maƙoƙo, ta murmure ta yi ƙiba. Aurena bai mutu ba. Hajiya ta yi ƴan watanni tana amsa gaisuwata a taƙaice, daga baya ta gaji ta bari. Suhail sau ɗaya ya ɗauko zancen, ya ce da na yi shiru da shi ne zai kashe ta da hannunsa, ya gode. Na yi azumin kaffarata. Na ɗauka an gama.

Ranar da na fara zuwa gida bayan an sallame ta, na tarar da mata cike da tsakar gida ƴan dubiya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa lafiya lau, ba ɗaure fuska, har da tambayar mutanen gida. Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Mufida, kawo wa baƙi ruwa."

Matan suka dubi juna. Wata tsohuwa ta rufe baki da hannu. Ni kuwa na tashi na nufi randa, na tsaya a can ina kuka ina cika moɗa.

Ba ta taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, ko sau ɗaya. Tana nan da ranta, tana shan ƙwayar asmarta a fili yanzu, jikokinta na hawa bayanta. In an sake mayar da ni ɗakin nan, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Amma yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Sunana take kira kamar yadda take kiran na ƴar maƙwabta. Har yau in ta kira, nakan ɗan yi jinkiri kafin in amsa, ko za ta manta ta ce "ke". Ba ta mantawa.